Neman kalma: zanen farfaganda ko zanen zuga?

Hadiza: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 na safe za mu naɗi shirin rediyo kan hotunan da ake liƙawa a bango lokacin yaƙi. Irin na Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, na 1914 da Alfred Leete ya zana, yana nuna mai kallo da yatsa, da na Uncle Sam, dattijon zane mai wakiltar Amurka, na 1917 da Amurka ta buga kwafi kusan miliyan 4. Me zan kira fannin gaba ɗaya?

Malam Sani: Zanen farfaganda, jam'i zane-zanen farfaganda. Ki ja wasalin "za" ɗin sosai, kada mai sauraro ya ɗauka atamfar kamfen kike nufi. Ki kuma guji "fastoci" a buɗe shiri, da fasta da fasto jam'insu ɗaya.

Baba Ado: Farfaganda ba Hausa ba ce. Zanen zuga. Ku dubi ƙirarsa: ido cikin ido, yatsa a ƙirjinka, kalmomi kaɗan, launi biyu ko uku, don mai wucewa ya karance kafin ya gifta. Aikin maroƙi ne a fagen dambe.

Malam Sani: Baba, zuga ta ɗauki na ɗaukar soja kawai. Na Birtaniya na 1939 mai cewa a kwantar da hankali fa? An buga sama da miliyan 2, kusan ba a liƙa shi ba, kuma lallashi ne. Wanda ke mai da abokin gaba goggon biri kuwa tsoro da ƙiyayya yake shukawa.

Baba Ado: Ku 'yan boko, kome sai Bature ya raɗa masa suna.

Malam Sani: Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, ita ma ta yi wa Ingila wannan aiki a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma "kwabo" ɗin aro ne.

Baba Ado: Kwabo ya tsufa a gidan nan, farfaganda baƙuwa ce.

Bilkisu: Matsalar farfaganda daban ce: a kunnen Bahaushe ƙarya take nufi, alhali wasu hotunan gaskiya suke faɗa, rabinta suke ɓoyewa. Yaya Hadiza, ki fayyace wannan a jimlar farko.

Hadiza: Na gode. Farfaganda a kanun shiri, zuga ga na ɗaukar soja.

Baba Ado: To, ba laifi. Amma ki maimaita zugar ko sau biyu ne.