Masu aiki da ke shan maganin ƙwaƙwalwa, ya kuke yi da oga?

Maman Auta:
Salam jama'a. Ni malamar firamare ce, shekarata tara ina koyarwa. Tun bayan haihuwar autana na shiga wani hali, ba barci, kuka ba dalili, sai in tsaya gaban allo da alli a hannu in rasa me zan rubuta yara suna kallona. An yi ruƙiyya an sha rubutu, ƙarshe Yaya ta kai ni asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne. Wata bakwai ke nan ina kan magani, alhamdulillah da sauƙi. Amma duk ranar ganin likita ce wa hedimasta nake hawan jini ne. In faɗa masa gaskiya ko in ja bakina?

Ɗan Sahu:
Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Ni daga Bama muka gudo a 2014, yanzu adaidaita nake ja a Maiduguri, in taya ta fashe kusa da ni wallahi sai na faka gefe jikina na rawa kusan minti goma fasinja suna ta masifa. Mai keken bai sani ba, shi dai balas ɗinsa yake jira da yamma.

Ummu Khalil:
'Yar uwa kar ki faɗa. A banki nake, na gaya wa mutum ɗaya tak, yau ko kuskuren lissafi na yi sai ka ji ana raɗa wai abin ya motsa.

Sista Kaduna:
Ni nas ce. Ki zo asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ranar kilinik ki ga layi, lauya ga ɗan sanda ga mai gadi ga malamin Islamiyya, kowa da katinsa yana sunkuyar da kai kar a gane shi. Akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa fa, Buhari ya sa hannu a Janairun 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta hana nuna wariya. Sai dai hedimasta nawa suka san da ita? Ki roƙi likitanki takardar da za ta ce kina zuwa asibiti duk wata, ba sai an sa sunan ciwon ba. Kuma don Allah kar ki ajiye magani don kin ji sauƙi sai likita ya ce.

Maman Auta:
Na gode Sista, ranar Talata zan koma, zan tambaye shi takardar insha Allah.