Wanga kiɗan thrash na Finlan, mi ya sa sautinshi yake da kaushi haka?

Ɗan Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya wani abokina ya turo mini tsohon kiɗan thrash metal na Finlan a WhatsApp, wallahi tun dare nike saurare, gita na ƙara kamar injin niƙa ganga na gudu ba numfashi, amma ya shiga raina sosai. Da gangan suka yi shi haka ko rashin kaya ne?

Mai Gita Tawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyu ne. Wajen ƙarshen shekarun 1980 samari ne ƙanana ba su da kuɗin istidiyo, a ɗakin da suke gwaji suke ɗaukar demo, wato waƙoƙin gwaji, kan kaset, sannan su aika ta gidan waya ma wasu, wancan ya kwafa ya ba wancan, kowane kwafi kuwa sauti na ƙara dushewa. Nemi ƙungiyar Stone daga garin Kerava, 1985 suka hwara, faifansu na farko 1988. Akwai kuma ƙungiyoyin Prestige ta garin Tampere da A.R.G. can arewa a garin Kuusamo.

Ɗan Yantala:
Allah shi saka yaya, A.R.G. ɗin ne ma aka turo mini!

Baban Nana:
Kar ku mance da kiɗan pank, shi ma kiɗan gita ne mai gudu da hushi, tun kafin thrash ƴan Finlan sun yi suna da shi, ƙungiyoyi irin su Terveet Kädet da Kaaos, wannan gudun da hushin can ya samo asali. Ni abin ya tuna mini da kasusuwan gitar Buzaye da muke kwafa muna yara, shuuu ɗin kaset ya kusa danne muryar amma ba mu fasa ji ba.