Abin Da Muka Tsinta A Zaman Ma'aikatan Jinya Na Asawase

Ranar Asabar mun zauna a Asawase, nan Kumasi, kan magungunan da ke toshe aikin sinadarin asetilkolin, wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi a jiki: atirofin, Buscopan na murɗawar ciki, da Artane da ake haɗawa da maganin taɓin hankali.

Wata babbar nas da ta daɗe a ɗakin gaggawa ta fi jan hankalinmu. Ta ce idan aka kawo manomin koko da ya shaƙi maganin feshi, miyau na zuba, ƙirji na kurari, atirofin ne ke ceto shi, kuma ana ci gaba da ba shi har ƙirjin ya bushe.

Amma maganar tsofaffi ce ta ci lokaci. Misali, baba ya sha Piriton don mura, wanda shi ma yana toshe asetilkolin, ga Buscopan a kai, washegari fitsari ya ƙi fita, ya fara sambatu, 'yan gida su ce aljanu ne. Aka ce a riƙa duba marar, a tambayi rabonsa da bayan gida, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan don bushewar baki, a kuma kiyaye shi da zafin rana tunda gumi na raguwa.

Mai gilakoma (ciwon hawan matsi a cikin ido) ko kumburin furosteti (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji), a sanar da likita tukuna kafin a ba shi irin waɗannan magungunan.