Muhawara a Zaure: Wai Babbar Inbata Ba Ta Ɓaci?

Alhajin Kwari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena zai sa sola a gidansa, ya tambaye ni girman inbatar da zai saya, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Na ce masa kada ya wahalar da kansa da lissafi, ya ɗauki mai ƙarfin 5kVA kawai, babba ba ya ɓaci. Yau fanka ce da fitila, gobe firiza ce da sumo, injin jawo ruwan burtsatse. Tun duhun da aka yi a Arewa a Oktoban 2024, da aka shafe sama da mako babu wuta, na gane ƙaramar inbata asarar kuɗi ce. Mai ja ya ja.

Mai Cajin Waya: Ina bayanka Alhaji. Ni 1kVA na fara saya don araha, da firji ya tashi sai ta hau kuka ta ɗauke. Wata huɗu na sayar da ita a faɗuwa. Araha ba ta ado.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin in ja, batir nawa ƙanen naka zai saya, farantin sola nawa?

Alhajin Kwari: Batir biyu na ruwa masu 200Ah, faranti biyu masu wat 550. In Allah ya hore ya ƙara.

Injiniya: To ranka ya daɗe, ko kunnuwa ba za ta yi ba. Yawancin 5kVA da ke kasuwa bolt 48 suke so, wato batir huɗu masu bolt 12 a jere. Biyu 24 suke bayarwa. Farantan ma haka. Irin inbatar nan mai caja a cikinta, da yawansu sai wutar faranti ta kai wajen bolt 120 suke fara caji, shi kuwa faranti mai wat 550 ɗan sama da bolt 40 yake bayarwa a kan aiki. Biyu ba su kai 90 ba. Sai ka ga rana tana dukan rufi, batir yana nan da yunwarsa.

Alhajin Kwari: Sai ya cika batir huɗu mana. Ai matsalar aljihu ce wannan, ba ta inbata ba.

Malamin Fiziks: Alhaji, aljihun ai shi ne maganar. Kuma akwai abin da masu shago ba su cika faɗa ba: inbata ita ma tana cin wuta, ko babu abin da aka jona mata. Manyan nan wasu suna shan kusan wat 50 suna zaune. A awa 24 wat-awa 1,200 ke nan. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar 2,400, amma na ruwa rabi ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, 1,200 ke nan cif. Ka ga kullum sai ta cinye abin da batir guda yake iya bayarwa, ba a kunna ko kwan fitila ba. Kamar ka ajiye doki a gida don zuwa masallacin ƙofar gida ne, ba ka hawa amma harawa sai ka saya.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Malam, ku masu biro da takarda ke nan. Ni da firiza uku nake sana'a. Da na bi shawarar masu cewa a ƙididdige, 2.5kVA aka sa min, aka ce firizojin gaba ɗaya ba su kai wat 600 ba. Ranar farko da suka tashi tare ta ɗauke. Da azumi kuwa, ƙanƙara ta narke, masu sari suka koma wani gida. Sai da na sa babba na samu lafiya. Gani ya kori ji.

Injiniya: Hajiya, gaskiyarki, amma wanda ya yi miki lissafin rabi ya yi. Duk abin da ke da kwamfuresa ko inji mai juyawa a cikinsa, firji, firiza, sumo, esi irin na da, a daƙiƙar da zai tashi yana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci, wani ma ya fi. Firiza mai wat 200 tana iya neman 1,000 a wannan ƙiftawar. Uku su tashi tare, 3,000. Ita kuma 2.5kVA ba wat 2,500 ba ce. Da yawansu sai ka ninka da 0.8 za ka samu ainihin wat ɗin, wato 2,000. Ana so ta jure fizga ta ɗan lokaci, amma in batir bai cika ba ko wayar batir ta yi siriri, sai bolt ya faɗi ta ɗauke. Ke babba ta dace da ke saboda kayanki ne suka nema. Da an sa miki ɗan abin jinkirin nan da ke hana su tashi lokaci ɗaya, mai yiwuwa da ta farkon ma ta riƙe.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Wannan kuma ba wanda ya gaya min.

Alhajin Kwari: To ai kun dawo kan maganata. Da ta sayi babba tun farko da ƙanƙararta ba ta narke ba.

Malamin Fiziks: Bari mu ɗauki gidan ƙanen naka, Alhaji. Me zai kunna?

Alhajin Kwari: Kwan fitila goma, fanka uku, talabijin da dikoda, firji ɗaya, sai cajin waya.

Malamin Fiziks: Fitila goma masu wat 10, 100. Fanka uku a wat 70, 210. Talabijin da dikoda a ce 120. Firji 150. Caji 30. Duka 610, kuma sai in an kunna komai lokaci guda. Ƙara fizgar firji, a ce ta kai 1,200 na daƙiƙa ɗaya ko biyu. 1.5kVA mai bolt 24 ta ɗauke wannan, kuma da batir biyun nasa za ta tafi. In yana son sarari ya ɗauki 2.5kVA. Rarar kuɗin ya zuba a faranti, don su ne ke kawo wutar. Inbata ba ta haifar wuta, juya ta kawai take yi daga ta batir zuwa irin ta NEPA mai bolt 230.

Mai Cajin Waya: Dutsen guga fa? Uwargida ba za ta yarda ta koma na gawayi ba.

Malamin Fiziks: Shi kaɗai yana cin 1,000 zuwa sama. A yi guga da tsakar rana a kashe fankoki, ko a jira NEPA. Ba a sayen tirela don buhu ɗaya da ake ɗauka ranar Juma'a.

Na Maraɗi: Ina yini jama'a. Mu nan tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023 kowa ya koma sola. Abin da masu haɗawa ke faɗa mana shi ne inbata ta yi daidai da faranti: in farantanka wat 3,000 ne, inbata ma 3,000. Ba haka ba ne?

Injiniya: Lafiya lau ɗan'uwa. Wannan ƙa'idar ta ƙasashen da ake tura wutar sola kai tsaye cikin layin gwamnati ce, babu batir. Can ma sukan sa faranti ya ɗara inbata da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. Mu da muke da batir, kayan gida ne ke yanke girman inbata. Abin da za ka duba game da faranti shi ne cajar batir, wat nawa take karɓa, bolt nawa ne iyakarta.

Kuma wat ɗin da ke rubuce a bayan faranti a zafin digiri 25 aka auna shi. A Maraɗi ko Kano a watan Afrilu jikin faranti yana kai 65. Kowane digiri ɗaya yana rage wajen kashi 0.35 cikin ɗari, sai ka ga kashi 14 ya tafi, mai 550 ya koma 470 da ɗoriya. Ga ƙurar hunturu kuma in ba a wankewa. Shi ya sa ƙara faranti ba ɓarna ba ne. Inda ake ƙona inbata shi ne wajen bolt. Da sanyin asuba na hunturu bolt ɗin faranti hawa yake yi. Mai 550 yana kusan bolt 50 in babu kaya a kansa, ka jera tara a kan cajar da iyakarta 450 ce, ka zo bakin gaɓa tun kafin sanyi ya ƙara nasa.

Alhajin Kwari: Injiniya, duk na ji. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, mutum nawa ne suka sa sola suka tsaya a kan kayan da suka fara da su? Ƙanen nan nawa baɗi zai haƙa burtsatse, na san shi.

Injiniya: A nan kam ba zan ja da kai ba. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya, wat 746 ake rubutawa, amma abin da yake ja ya kan haura 1,000, tashinsa kuma ya kusa 3,000. In burtsatsen tabbas ne, ya fara da bolt 48 tun yanzu. Wat 3,000 a bolt 24 amfiya 125 ne, a 48 kuwa 62 da rabi, waya ba ta zafi, batir ba ya wahala. Ya sayi batirin litiyom ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah, wat-awa 5,120 ke nan, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa sama. Faranti aƙalla huɗu. Sannan 5kVA ɗin taka ta yi ma'ana.

Alhajin Kwari: Ka ga ni na yi nasara ke nan.

Malamin Fiziks: Da batir biyu da faranti biyu ka shigo, Alhaji. Yanzu kuɗin ya ninka.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ku bar Alhaji da nasararsa. Injiniya, abin jinkirin nan da ka ce, kowace firiza nata ake sa mata ko ɗaya ya isa?

Injiniya: Kowace da nata, Hajiya, a saita su da tazarar minti ɗaya ko biyu. Alhaji kuma ka tambayi ƙanen naka maganar burtsatsen nan, baɗi ne da gaske ko irin baɗin da ake ta ɗagawa.

Alhajin Kwari: Bari in kira shi bayan la'asar.