Fayil ɗin Access ya ƙi buɗuwa bayan ɗaukewar wuta, ta ina zan fara?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Fayil ne na Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai, irin .accdb, girmansa ya kai MB 700. Yana kan kwamfuta ɗaya, mutum huɗu suna shiga ta netwok. Wuta ta ɗauke ana tsaka da shigar da bayanai, tun daga nan idan an buɗe sai ya ce "Unrecognized database format". Kwafin ajiya na ƙarshe ya kwana biyu. Ban taɓa komai ba tukuna. Compact and Repair, umarnin gyaran fayil da ke cikin Access, zan fara yi, ko akwai abin da ya kamata ya riga shi?

Mai_Rumbu:
Wa alaikumus salam. Gara da ba ka taɓa ba, Malam. Kada ka kuskura ka yi Compact and Repair a kan fayil na asali. Aikinsa shi ne ya sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya, abin da ya kasa karantawa kuma yana iya zubar da shi, daga nan babu dawowa.

Kowa ya rufe Access. Ka goge ƙaramin fayil ɗin .laccdb da ke gefensa, na kulle ne kawai, babu bayanai a ciki. Sai ka yi kwafi biyu a wani faifai dabam, ɗaya ka ajiye ba a taɓawa, ɗaya na aiki.

Kafin ka sha wahala, duba ko akwai abin cetowa ma. Buɗe kwafin da HxD, manhajar da ke nuna ɗanyen abin da ke cikin fayil, ko makamancinta. A farkon fayil mai lafiya za ka ga "Standard ACE DB", idan tsohon .mdb ne kuma "Standard Jet DB". Access yana jera bayanai a shafuka masu KB 4 kowanne, shafi na farko shi ne ke gaya masa wane irin fayil ne. Idan shi kaɗai ya lalace, sauran suna nan, da sauƙi. Gwaji na biyu, ka matse kwafin zuwa zip. Fayil mai MB 700 ya koma ƙasa da MB ɗaya, to cikinsa sifili ne zalla, babu manhajar da za ta fito da komai, ko nawa aka saye ta. A nan sai ka danna dama a kan folda ka duba Previous Versions, ko Windows ta ajiye tsohon kwafinsa.

In bayanan suna nan, yi Compact and Repair a kan kwafin aiki, daga Database Tools, ba tare da ka buɗe fayil ɗin ba. Bayan ya gama ka nemi tebur mai suna MSysCompactError, nan yake rubuta abin da ya gagare shi. Idan ya ƙi, ƙirƙiri sabon fayil wanda babu komai ciki, ka shigo da teburori ta External Data, ɗaya bayan ɗaya. Kar ka zaɓe su duka a lokaci guda, don inda ya tsaya shi zai nuna maka tebur mai ciwon.

Malama_Lissafi:
Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, sai dai ya tsaya a daidai inda aikin yake. Tebur mai ciwo ba duka ne ya lalace ba, galibi layi ɗaya ne ko biyu. Kuma yawanci filin Long Text ne, wanda a da ake kira Memo, saboda dogon rubutu ba a cikin layin yake zaune ba, a wani shafi ake ajiye shi, layin yana riƙe da adireshinsa kawai. Adireshin ya karye sai ka ga #Error ko wasu haruffa kamar na Sinanci.

Ka haɗa teburin da sabon fayil, ka yi append query, wato kwafe layukan zuwa wani tebur, ba tare da wannan filin ba. Idan ya wuce, ka gane inda matsalar take. Idan bai wuce ba, raba da lambar ID: daga 1 zuwa rabi, sannan rabi zuwa ƙarshe. Ɓangaren da ya tsaya ka sake raba shi biyu. Ko layi dubu 100 ne, rabawa 17 ta isa ta kai ka kan mai laifin. Ka tsallake shi, ka cike shi da hannu daga tsohon kwafi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne AutoNumber, filin da ke ba kowane sabon layi lambarsa da kansa. Bayan gyara yakan koma baya ya fara ba da lambar da an riga an yi amfani da ita, sai a kasa ƙara sabon layi. Duba lamba mafi girma, ka saita shi da ALTER TABLE sunan_tebur ALTER COLUMN ID COUNTER(lamba ta gaba, 1). Sai ka cire Relationships na teburin, wato alaƙarsa da sauran teburori, kafin umarnin ya karɓu, ka mayar bayan nan.

Gyaran_Na'ura:
Idan kwafin kansa yana tsayawa a hanya ko yana ba da kuskuren karatu, faifan ne ke mutuwa. Kada a yi chkdsk /f, umarnin Windows na gyaran faifai, a ɗauki hoton faifan, wato cikakken kwafinsa, da manhajar ddrescue tukuna. Idan kuma Access ya ƙi ganin teburorin sam, gwada mdbtools, manhajojin karanta fayil ɗin Access a Linux: mdb-tables ya jero sunayensu, mdb-export ya fitar da kowanne zuwa CSV. Wani lokaci yana karanta abin da Access ya ƙi.

Mai_Tambaya:
Allah ya saka da alheri. Rubutun "Standard ACE DB" yana nan, zip ɗin kuma ya fito da nauyi. Teburori duk sun shigo banda guda ɗaya, zan bi hanyar Malama. Idan na gama, in mayar da fayil ɗin inda yake?

Mai_Rumbu:
Raba shi biyu tukuna da Database Splitter: teburori a kwamfuta ɗaya mai UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, fom da rahoto kuma kowa da kwafinsa. A haɗa kwamfutocin da kebul ɗin netwok, Wi-Fi na yankewa a tsakiyar rubutu. Kada ya zauna a foldar OneDrive ko Dropbox. Idan saƙon "Unrecognized database format" ya dawo ba tare da ɗaukewar wuta ba, akwai sananniyar matsala da ta zo da Windows 10 sigar 1803, Microsoft ta ce a saita DisableLeasing zuwa 1 a rajistar Windows (Registry) ta kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin.