Muhawara: Da gaske biskit ɗin tamowa ya lalata iyaye mata?

Alhajin Kasuwa:
Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda ta ɓata wa rai ya yi haƙuri. Tun yunwar 2005 ake rabon biskit ɗin nan na tamowa a jihar Maraɗi, amma duk damina layin mata a likita bai raguwa. Ni a ganina abin nan ya lalata iyaye mata. Mace ta bar dama wa ɗanta kunun kirki, tana jira ya rame a rubuta sunansa. Da idona na ga ana sayar da shi a kan tire a bakin tasha. Kakanninmu da fura da nono suka rene mu, ga mu nan da ƙarfinmu.

Majo mai ritaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu da muka rayu mu ke ba da labari, waɗanda aka rufe ba su da baki. A binciken lafiya na 1992, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, sama da 300 ba su kai shekara 5. Na 2012 ya nuna sun sauko zuwa 127. Tambayi Hajiya babarka 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma.

Na yi aikin jinya a likita kafin zuwan biskit, na yi bayansa. A da, yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa sai an kwantar da shi da uwarsa kusan wata guda ana ba shi madara. Wace mace ce za ta bar gona da sauran yara tsakiyar damina ta zauna wata guda? Da yawa guduwa suke da dare, yaron ya ƙarasa a gida. Da Plumpy'Nut ya zo, wato biskit ɗin nan, sai ya zama uwa ta karɓi na sati ta koma ƙauye, sai mai zazzaɓi ko wanda ya kasa ci ake riƙewa. Ta haka ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi wa yara sama da 60,000 magani a Nijar a 2005, mafi yawansu a nan jiharmu. Kuma ba wani abin tsafi ba ne: gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Leda guda giram 92, ba ta son ruwa, ba ta son wuta, shi ya sa ƙwayar cuta ba ta samun hanya.

Mushen lakkwal:
Majo, ban ja da kai a kan ceton rai ba. Amma Alhaji ya taɓa wani wuri mai ciwo. Biskit magani ne, sai yaro ya faɗa rami ake miƙa masa igiya. Wa ke rufe ramin? Ina da ɗalibai 'yan shekara 8 da za ka rantse 'yan 5 ne, ka yi bayani sau uku suna kallonka. Waɗannan ba su taɓa yin ja a ma'aunin damtse ba, wato alamar tamowa mai tsanani, balle a ba su komi, tsumburewa suka yi a hankali tun suna goye. Ga shi kuɗin maganin daga waje yake zuwa. Da Amurka ta datse taimakonta a 2025 kowa ya ji a jikinsa. Mai kwana da tabarmar aro ai bai yin barci mai nauyi.

Sai dai Alhaji, laifin da ka ɗora wa mata ban yarda da shi ba. Mu ke noma hatsi da wake da gyaɗa da aya da riɗi. Da kaka manomi ya sayar da arha don ya biya bashi, buhunan su bi hanyar Ɗan Isa su tsallaka Najeriya, ko su shige sito. Da damina ya dawo ya sayi tiya da tsada wurin wanda ya sayar wa. Kai ka fi ni sanin su wa ke da siton.

Alhajin Kasuwa:
Mushe, kar ka juya maganar kaina. Ciniki halal ne. Ni batun tiren tasha na kawo, wa ya kai shi can in ba uwar yaron ba?

Uwar 'Yan Biyu:
Alhaji, da girmanka, bari wadda ta tsaya a layin ta amsa maka. Hasan ɗina yana wata 14 aka ɗaura masa ma'aunin damtse ya faɗa ja. Fatar cinyarsa ta yi yamutse kamar ta tsoho, gashinsa ya yi ja yana zuba, ko kuka bai iyawa sai wani nishi. Wallahi babu uwar da za ta kalli wannan ta ce dabara ce ta ci nasara. Kunya ma nake ji a layin, ina jan mayafi kar 'yan garinmu su gane ni.

Amma ba zan yi ƙarya ba, na raba ledar. Ina ba Hasan, Husaina ta kafe ni da ido, yayansu ɗan shekara 4 na tsaye yana lashe baki. Ruwan fura kawai suka sha tun safe. Malamar awo ta yi mini faɗa don nauyin bai hau ba, kuma tana da gaskiya. Wata maƙwabciyata ta sayar da leda biyu ta sayi tiyar hatsi don gida duka ya kwana da wani abu a ciki. Ba daidai ba ne, amma ba lalaci ya sa ta ba.

Abin da ba ku faɗa ba, ku maza, shi ne rumbu. Maigida ya rufe na gandu ya tafi cin rani, ya bar mace da ɗan abin da ta samu a gamana, 'yar gonarta ta kanta. Wake kuma na sayarwa ne, ƙwai na sayarwa ne, akuya sai suna ko Sallah. A likita a ce mini in sa garin ƙuli-ƙuli da zogale da ɗan mai a kunu. Na ji, na iya. Wa ke riƙe da kuɗin?

Majo mai ritaya:
Allah ya raya su, 'yata. Kin faɗi abin da na shekara ina gani. Mu kan tara mata ƙarƙashin rumfa mu yi ta wa'azin kunu, mai mabuɗin rumbu yana majalisa yana shan shayi. Shi ya sa makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram ta burge ni, don a can maigida ake zaunarwa.

Kuma Mushe, ba abinci kaɗai ba ne. Tamowa ta fi tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi sama. Yaro ya yi zawo kwana 5, abin da aka tara a jikinsa wata biyu ya zube. Ga matse dakashi a zubar a ɗura wa jariri bauri, alhali nono zalla ake so har wata 6, ko ruwa babu. Ga rurrutsa: uwa ta samu ciki, a ce nononta ya ɓaci, a ɗauki yaro rana ɗaya a kai wa kaka. Da yawa cikin waɗanda na kwantar daga irin wannan yaye suka fito.

Alhajin Kasuwa:
Maganar rumbu na ji ta, Uwar Biyu, kuma ban ji daɗinta ba don akwai gaskiya ciki. Amma ina nan a kan bakata: abin da ake ba mutum kyauta shekara da shekaru yana kashe masa zuciya.

Uwar 'Yan Biyu:
To Alhaji, ranar da aka daina, me zan ba mai ja a damtse?

Ɗan Kabu-kabu:
Ku gafarce ni manya, ina ta karantawa. Majo, ɗan wana a ƙauye wajen Madarunfa, shekararsa 2, bai rame sosai ba amma ƙafafunsa da fuskarsa sun kumbura, ya daina wasa. Tsofaffi sun ce iska ce. Wannan ma tamowa ce?

Majo mai ritaya:
Kira su yanzu. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ita ce, kuma mai kumburi ta fi saurin kisa. Kar a yi masa tsaga, kar a jira ranar awo. A kai shi likita yau, a lulluɓe shi da zane kar sanyi ya kama shi a hanya.

Alhajin Kasuwa:
Kar ka ɗora shi a babur. Motata na ƙofar shago, zo ka ɗauki direba ku tafi.