Selenium ko Playwright, wanne za mu ɗauka?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da shafin biyan kuɗin lakkol, kullum sai na bi shi da hannu maɓalli maɓalli kafin mu saki sabon gyara, na gaji. Ina son manhajar gwaji mai danna shafin da kanta, Selenium ko Playwright?

Ɗan Tawa: Playwright ƙanena, shi ke jiran maɓalli ya bayyana kafin ya danna.

Babban yaya: Wa alaikumus salam. Ni dai kowanne ka ɗauka ka fara gyara harshe da agogo, nan munka sha wuya bara. Gwajinmu na duba rasit ya ga "10 000 F", a kwamfutata yana wucewa, a kan sabar yana faɗuwa, kwana 3 ina kallon lambobin nan biyu iri ɗaya sak a ido. Ashe ratar da ke tsakanin 10 da 000 a tsarin Faransanci ba irin wadda kake bugawa da kibod ba ce, wata siririya ce daban. Muna gama wannan sai ga kwanan wata, sabar tana kan agogon duniya UTC mu kuma muna gaba da awa 1, biyan da aka yi bayan sha biyun dare sai ya fito da ranar jiya. In Playwright ne, ka sa locale fr-FR (harshe) da timezoneId Africa/Niamey (agogo) tun ranar farko, don Allah.

Ta Yamai: Yaya ka manta sleep, wato umarnin da ke sa gwaji ya tsaya jira na ƙayyadadden lokaci. Duk wanda ya sa sleep na sakan 5, ranar da rezo ya yi nauyi zai gani.

Wani tsohon hannu: Ku bar raina Selenium, tun 2004 yake aiki. Daga sigar 4.6 ma shi ke nemo chromedriver, abin da yake sarrafa burauzar Chrome da shi, da kansa.

Ɗan Tawa: Malam kai har harshen kod na Java ba ka saki ba ai.

Wani tsohon hannu: Java ce ta biya min sadaki.

Ta Yamai: Mai tambaya, umarnin playwright install na sauko da burauzocin Chromium, Firefox da WebKit gaba ɗaya, zai cinye maka forfe. Rubuta chromium a ƙarshe ya sauko da shi kaɗai, kuma ka yi a buro da wifi.

Mai tambaya: Na gode yaya, na gode hajiya. To ɗayar manhajar gwajin, Cypress, fa?

Ɗan Tawa: Kuran ya ɗauke nan, sai anjima.

Ta Yamai: Wa ke da cajar HP a kusa da Plateau?